Tambaya da Amsa: Mussoshina shida, biyu na zubar da gashi, ɗiyata ma ta fito da makero

TAMBAYA

Assalamu alaikum likita, ina gajiya, ya damina. Ni matar aure ce a unguwar Bagalam nan cikin Maradi, ɗiyana huɗu. Muna da mussoshi shida a gida, asali guda ce munka aje saboda ɓeraye da sunka hana mu sakat a magazin inda mai gida ke aje buhunan gujiya da wake, to ta haifi uku sun girma, yanzu haka ma wani cikin gare ta, ga wani muzuru na maƙwabta da ya maida gidanmu nashi, nan yake ci nan yake kwana, sai ta shida wadda yarona ya tsinto a hanyar lakwal wajen wata guda ke nan, 'yar mitsitsiya ramamma. Ita wannan 'yar tsintuwar ce na fara ganin gashi ya zube mata bayan kunne da saman ido, wurin ya yi zagaye kamar dala goma, fari-fari da ɓawo, kuma ba ta cika susa ba. Ban damu ba sai da na ga irinshi a ƙafar gaba ta ɗaya daga cikin ukun. Yanzu ɗiyata mai shekara 7, wadda ke kwana da 'yar mussar a katifa, ta fito da zobe ja a dantse da wuya yana mata ƙaiƙayi. Na sayi wani man shafawa wurin mai tebur na shafa mata, ya lafa kwana biyu sai ya dawo ya fi da faɗi. Mai gida ya ce gaba ɗaya za shi zuba su a buhu a kai bayan Gulbi a saki. Maƙwabciyata ta ce in shafa musu baƙin mai, wata ta ce in yi musu wanka da Grésil, maganin nan na wanke makewayi. Don Allah likita makero ne? Biyun zan yi ma magani ko duka? Kuma in na kulle su a ɗaki ban ɗauki alhaki ba? Na gode.

Wata uwa daga Bagalam

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yarinya lafiya. Bari in fara da mai gida tunda shi ke riƙe da buhu. Ki lallashe shi ya aje. Ba don tausayi kaɗai ba, ko yau anka kwashe su shida anka tsallaka Gulbi da su cutar ba za ta bi su ba, tana nan cikin gashin da ya zube a katifa da tabarma da ƙarƙashin gado, kuma ƙwayarta kan yi shekara guda har da rabi a raye cikin ɗaki in ba a share ta ba. Ke nan za ku rasa masu kama ɓera, gujiya ta shiga uku, makero kuwa yana nan zaune. Bayan haka wani yaron zai tsince su ya kai ma uwarshi, kamar dai yadda naki ya kawo miki.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da makero ƙwarai. Zagayen, ɓawon nan mai kamar toka, wurin da ya fito wato kunne da fuska da ƙafar gaba, rashin susa sosai, da kuma zoben da ya fito ma yarinya. Naman gwari ne ke kawo shi, wato wata ƙwayar cuta dangin funfuna, a jikin mussa galibi wanda ake ce ma Microsporum canis, yana cin gashi da saman fata ne kawai ba ya shiga jini. Daga taɓawa zuwa fitowar tabo sati 1 zuwa 3 ne, to ki lissafa da ranar da 'yar tsintuwa ta shigo gidan ki gani. 'Yan ƙanana da ramammu ya fi kamawa, kuma zafi da laimar damina na taimakonshi.

Amma kama ba tabbas ba ce. Ƙazuwa ma na zubar da gashin kunne da fuska, sai dai ita susarta ba sauƙi, mussa za ta yi ta karta har jini, ɓawon ya yi kauri fuskar ta yamutse. Ƙuma kan cinye gashin baya wajen gindin wutsiya. Muzuru kuwa rabin tabon jikinshi na faɗa ne. Dalilin da ya sa nake jaddada wannan, maganinsu ba ɗaya ba ne. Allurar ibermektin da aka saba tsira ma awaki da tumaki tana kashe ƙazuwa, amma ba ta yi ma makero komai, haka feshin nan mai launin shuɗi da ake fesa ma miki. Mutane da yawa na kashe kuɗinsu a nan su ce magani bai ci ba, alhali ba nashi anka ba shi ba.

Ki sa 'yar tsintuwar a kwali mai huji, ba a rungume ba, a kai ta wurin likitan dabbobi, ko na ma'aikatar kiwo ko mai zaman kanshi. Zai tsinci gashi daga gefen tabon ya kankari fata kaɗan ya duba a madubin likita. Akwai kuma wata fitila da ake haskawa cikin duhu, gashin da ya kamu sai ya yi kore shar, sai dai ba kowane iri ke haskawa ba, in bai haska ba ba shi ne lafiya ba. Kar wani ya zo miki da tocilar duba jabun kuɗi ya ce ita ce, zare da ɓawo da ragowar sabulu duk suna ƙyalli a ƙarƙashinta. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a shuka gashin a ɗakin gwaji a ga abin da zai tsiro, wannan yana cin sati 2 zuwa 3 kuma ba ko'ina ake yi ba. Ni dai ra'ayina, da mussa biyu masu tabo da yarinya mai zobe a gida ɗaya, in likita ya duba ya ce ba ƙazuwa ba ce, ba a jiran komai, a fara aiki.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, kuma ita ce zuciyar maganar. Duka shida ne. Mussa na iya ɗauke da ƙwayar nan a gashinta jikinta sumul ba tabo ko ɗaya, musamman manya, tana yawo tana barbaɗa ta ko'ina. Ƙwayar kamar ƙaiƙayin gero take ranar sussuka, wanda bai taɓa turmi ba ma sai ya kwana yana susa. Waɗanda ke ci a kwano ɗaya, suna lasar juna, suna kwana kan buhu ɗaya, ki ɗauka duk sun shafa. In kika yi ma biyu magani kika bar huɗu, biyun na warkewa sauran za su sake shafa musu, haka za ki yi ta zagaye har hunturu ya zo ya wuce.

Saboda haka sai a raba. Masu tabo biyu su koma ɗaki guda mai daɓen siminti wanda ba kaya a ciki, ba magazin ba, don buhu ba ya wankuwa. Kwanon abinci da na ruwa nasu daban, kasko da rairayi don bayan gida, shimfiɗa kuma kwali ya isa, in ya yi kwana biyu a ƙone a sa sabo. Batun alhaki, matar da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda mussa, ɗaure ta ta yi ta hana ta abinci kuma ba ta sake ta ta nemi na kanta ba har ta mutu. Ke kulle su za ki yi don jinya, kina ciyarwa kina shayarwa, ba ɗaya ba ne, in hankalinki bai kwanta ba ki tambayi malamin unguwa. Sai dai kar a jefa 'yar ƙaramar a ɗaki a mance da ita, babban mutum guda ya dinga shiga yana ɗan wasa da ita, da tsohuwar riga mai dogon hannu wadda za a rataye nan bakin ƙofa ba a yawo da ita, a fito a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Masu lafiya ake fara ba abinci, masu tabo a ƙarshe. Yara kam ba su ba ɗakin nan, za a sha kuka, a bar su su yi.

Muzurun maƙwabta shi ne zai ba ki wahala don ba ya kulluwa. Ki shiga ki gaya musu ba da faɗa ba, su duba nasu yaran, kuma ku yi shawara wa zai riƙa yi mishi wanka. In ba a iya kama shi to aƙalla ya daina shiga ɗakunan kwana.

Magani hannu biyu ne, na sha da na wanka. Na sha yana kashe naman gwarin a gindin gashi, na wanka yana kashe ƙwayar da ke saman gashi don ta daina zuba a gida, ɗaya ba ya maye ɗaya. Masu tabo su sami duka biyun, sauran huɗun wanka, a riƙa duba kunnuwansu da fuska da tafin ƙafa a cikin haske duk bayan kwana biyu, wadda ta fito da tabo ta bi 'yan'uwanta ɗaki. Na sha da aka fi yarda da shi ga mussa shi ne itrakonazol, miligiram 5 a kowane kilo sau ɗaya a rana, sati guda ana ba sati guda ana hutawa, har zagaye uku. Ki lura da lissafin nan da kyau. Kafso na mutane da ke farmasi miligiram 100 ne, 'yar tsintuwarki da ƙyar in ta kai kilo 1, ke nan rabonta kashi ɗaya cikin 20 na kafson. Ba abin da za a ƙiyasta da ido ba ne, likita ne zai ɗora ta a sikeli ya raba, don yawanshi na taɓa hanta, kuma in ta yi ƙanƙanta da yawa yana iya cewa a tsaya ga wanka tukuna. Akwai terbinafin, shi ma yana aiki. Akwai grizeyofulbin, tsohon magani mai arha wanda ya fi saukin samu, amma nan ne nake so ki buɗe kunne: ba a ba mussa mai ciki, yana nakasa 'ya'yan a ciki. Kafin likita ya rubuta komai ki gaya mishi babbar na da ciki, ita wanka kaɗai za a yi mata da abin da ya zaɓa. In mussa ta daina cin abinci ko tana amai bayan an fara magani a tsaya a koma wurinshi.

Wanka sau biyu a sati. Sabulun ruwa mai haɗin mikonazol da klorekzidin, a cuɗa har fata a bar kumfar minti 10 kafin a ɗauraye, minti goman nan su ne aikin, ki duba agogon waya kar ki ƙiyasta, don da mussa na ihu a hannu minti biyu kan zama kamar goma. In likita na da ruwan wanka na farar wuta wanda ake haɗawa don dabbobi shi ma yana da kyau ƙwarai, ba a ɗauraye shi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma yana rina farin gashi rawaya, haƙuri za ki yi da shi, amma kar a sayo farar wuta a kasuwa a haɗa a gida. Fuska da soso ko tsumma ake dangwalawa, kar ya shiga ido. Ruwa mai ɗumi, da hantsi, a tsane ta da kyau don 'yar ƙarama sanyi na kashe ta da wuri. Shafa man makero kan tabon kaɗai ba ya isa ga mussa, gashi ya rufe sauran wuraren kuma lashewa take. Kar a aske da reza, yankan da ba a gani yana ƙara yaɗa shi, in gashin gefen tabon ya yi tsawo a rage da almakashi a ƙone.

Su maƙwabta na san da kyakkyawar niyya sunka faɗa, amma baƙin mai da Grésil kashe miki su za su yi. Mussa duk abin da ya taɓa jikinta sai ta lashe, kuma hantarta ba ta iya narkar da sinadarin da ke cikin Grésil da Dettol yadda tamu ke yi. Haka kananzir, haka maganin feshin gona, haka maganin ƙuma na karnuka mai permetrin. Parasetamol ma, ƙwaya ɗaya tak na iya kashe mussa babba.

Sai gida, kuma a nan mafi yawa ke gajiya. Abin da ake yaƙi da shi gashi ne. Shara da busasshiyar tsintsiya a cikin ɗaki tada shi take ya sauka kan gado, a yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma a kwashe. A wanke daɓe da sabulu ko omo tukuna har ya fita fes, sannan a bi da jabel, wato ruwan bilic na wanki, awo 1 a cikin awo 10 na ruwa, a bar shi jiƙe minti 10, a ɗauraye, ya bushe kafin mussa ta taka. Jabel a kan datti ba ya aiki, kuma wanda anka sirka jiya ya mutu, kullum sabo, kar a gauraya shi da wani maganin wanki don hayaƙinshi guba ne. Ɗakin jinya a goge kullum, wankin jabel sau biyu a sati. Zanen gado da zannuwa da rigunan yarinya a wanke su daban, sau biyu a jere, a shanya a rana. Katifa a fitar rana a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma a sa mata sabuwar riga. Tabarmar roba tana wankuwa, ta kaba da sunka saba kwana a kai a ƙone kawai. Tsakar gida in ƙasa ce kar ki ɓata jabel, a yayyafa ruwa a share a kwashe sharar.

Ki shirya ma sati 6 aƙalla, wani lokaci ya fi. Gashi zai fara tsirowa tun kafin nan, mussa ta yi kyau, kowa ya ce ta warke a buɗe ta, to nan ake faɗuwa, tsirowar gashi ba warkewa ba ce. Inda ake gwajin shuka sai ya fito ba komai ake sallama, inda babu a gama zagayen maganin duka kuma likita ya sake dubawa. Gaskiya ne mussa mai ƙoshin lafiya kan warke da kanta cikin wata uku ko makamancin haka, amma wata ukun nan tana rabawa ne ga duk mai rai a gidan. In kuɗi sun yi kaɗan, yarinya farko, sannan na wanka, sannan na sha, jabel da sabulu kuwa ba su da tsada. A ƙara ma 'yar tsintuwa abinci mai kyau, kifi ko nama ba tuwo da miya kaɗai ba, a ba ta maganin tsutsar ciki, jikin da ya murmure ya fi saurin ture cutar.

Ita yarinya a daina shafa mata man mai tebur yau ɗin nan. Yadda kika ce ya lafa ya dawo da faɗi, kusan tabbas akwai kortizon a ciki, ki duba kwalin ko za ki ga betametazon ko klobetazol. Shi yana kwantar da ja da ƙaiƙayi ne, naman gwarin kuma ya samu fili ya bazu. A kai ta CSI, wato asibitin unguwa, a faɗa musu akwai mussa mai tabo a gida. Na jiki yawanci man klotrimazol ko mikonazol ne safe da yamma, a shafa har a wuce gefen zoben kaɗan, sati 2 zuwa 4, kuma a ci gaba sati guda bayan ya ɓace. A tsefe mata kitso a duba kai da kyau, ita da sauran, don in ya hau kai man shafawa ba ya isa. Sosonta da tawul da mataji nata ita kaɗai. Lakwal za ta iya zuwa da zarar an fara magani, a rufe wurin da riga. In akwai jariri ko tsoho ko mai ciwon suga a gidan su yi nesa da ɗakin jinya. Gaba kuma duk mussar da anka tsinto ta yi sati 2 zuwa 3 a ware kafin ta haɗu da na gida.

TAMBAYA

Salam likita. Ina da makarantar allo a Tibiri, yara da dama kansu ya yi ƙora, fari-fari gashi na karyewa, ɗaya ma ya kumbura yana ruwa. Akwai mussoshi da ke yawo a zaure suna cin ragowar tuwo, wasu sun ce su ne sunka kawo. In kore su?

Wani malami daga Tibiri

AMSA

Allah gafarta malam, a duba mussoshin, in akwai mai zubewar gashi a raba ta da yara. Amma ni ban fi zarginsu ba. Ƙorar kan yara a ƙasashenmu na yammacin Afirka galibi daga mutum zuwa mutum take, irin su Trichophyton soudanense da Microsporum audouinii, waɗanda jikin ɗan Adam ne gidansu ba na dabba ba. Aska ɗaya ko tondiz, wato injin aski, ɗaya da ake bi da kan yara goma a jere ranar Alhamis, hular aro, mataji, kai da kai a tabarma guda, nan take bi. Kowane yaro da rezarshi sabuwa, bakin tondiz a goge gashi a tsoma a ruwan jabel tsakanin kai da kai, masu ƙora a yi musu aski a ƙarshe, hula kuma kowa tashi.

Maganin ƙora na sha ne, don naman gwarin na cikin gashi inda man shafawa ba ya kaiwa. Yawanci grizeyofulbin ake ba yara gwargwadon nauyinsu, sati 6 zuwa 8, ana sha da abinci mai maiƙo kamar madara ko ƙuli-ƙuli don ya fi shiga jiki. A kai su CSI tare a auna kowa, in an yi ma rabi an bar rabi za ta dawo. Shi wanda kanshi ya kumbura yana ruwa a kai shi gobe, kar a jira sauran, kuma kar a bari wanzami ya tsaga, ba maruru ba ne, in an yi sake gashin wurin ba ya sake fitowa. Kankare kai da reza a shafa toka ko ruwan batir da wasu ke yi ƙuna kawai yake ƙarawa.

TAMBAYA

Likita maruƙana biyu da na sayo don kiwo sun fito da wasu faci masu kauri launin toka kewayen ido da wuya. Irin na mussa ne? Zai kama awakina?

Mai kiwo daga Gidan Runji

AMSA

Ɗan'uwa dangi ne amma ba shi ba ne, na shanu Trichophyton verrucosum ne, kuma ya fi kama maruƙa 'yan ƙasa da shekara da aka cunkusa wuri guda. Yana iya tsallakawa ga awaki da tumaki, ya fi ma saurin kama mai ba su dusa, a hannu ko a gemu, kuma a jikin mutum yakan yi zafi da kumburi. Ka ɗaure su daban inda rana ke bugu, ka wanke turke da igiya da komi da ruwan jabel don nan suke goga wuya, ka sa safar hannu ko leda in za ka taɓa wurin. Likitan dabbobi zai ba ka abin wankewa, yawanci mai aidin ko enilkonazol, a jiƙa ɓawon a cire a ƙone kafin a shafa. Kar ka kai su kasuwa sai facin ya rufe.